Ruwan ozon na kashe ƙwayoyin cuta, amma minti nawa yake yi a randarku?

Duk mai yawan zaga TikTok ko Facebook, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Kwano cike da ruwa, an zuba tumatur ko latas ko naman kaza, an tsoma wani siririn tiyo mai ɗan dutse a baki, ruwa sai ɓulɓula yake. Bayan minti goma ko sha biyar, wata kumfa mai yauƙi ta taso sama. Mai talla ya kwaso ta da cokali ya nuna wa kyamara, wai ga gubar da kake ci kullum ba ka sani ba. Daga ƙasa kuma ga lambar WhatsApp.

Na'urar ozon ke nan. Wata kamar ƙaramar rediyo take, wata kuma robar fesa ruwa ce da ake yi wa caji kamar waya. Alƙawarinsu ɗaya ne: ka jona ta da wuta, ruwan gidanku ya koma maganin ƙwayoyin cuta, ka huta da sayen Hypo da Izal, ka wanke kayan miya, ka goge banɗaki, ka tsaftace ruwan sha. Wasu har ƙarawa suke yi da cewa in ka sha ruwan yana wanke ciki.

A gidajenmu yanzu, duk abin da aka gani a waya, matashin gida ake kira. Kai za a miƙa wa wayar a ce, duba mana, abin nan gaskiya ne? In ka ce a saya, za a saya, kuma za a daina wasu abubuwan da aka saba yi saboda an dogara da shi. Nan ne maganar ta wuce ta asarar kuɗi, ta koma ta lafiyar ƙannenka.

Iskar da ba ta iya zama

Ozon dai ba ƙarya ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Oksijin ɗin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna. Ozon uku ne. Ka ɗauka acaɓa ne ya yi lodi fiye da ƙima: tafiyar ba ta nisa sai ɗaya ya sauka. To wannan ta ukun da ke saurin ɓallewa, ita ce ke afka wa duk abin da ta tarar, ta ƙone shi ba tare da wuta ba. In ƙwayar cuta ce ta fasa mata fata. In launi ne ta kashe shi, in wari ne ta kore shi. In roba ce ta tsattsage ta a hankali. In kuma huhun mutum ta samu, ba ta bambancewa.

Ka ma taɓa jin warinsa. Wani ɗan ƙauri mai kaifi da ake ji a iska lokacin tsawa da walƙiya, ko a ƙaramin shagon fotokwafi irin na wajen Kongo idan inji ya daɗe yana aiki, shi ne. Daga warin ma ya samo suna, domin Bajamushen masanin sinadarai Christian Schönbein, da ya raɗa masa suna wajen 1840, kalmar Girkanci mai nufin sansana ya ara. A 1857 Werner von Siemens ya ƙera bututun da ke samar da shi ta hanyar tartsatsin lantarki, kuma har yau akasarin na'urorin da ake sayarwa wannan dabarar suke bi. Birnin Nice na Faransa ya fara tsaftace ruwan famfonsa da ozon tun 1906.

Akwai ma inda ya fi kulorin. A 1993, mutum sama da 400,000 suka kamu da gudawa a birnin Milwaukee na Amurka, sanadin wata ƙwayar cuta mai taurin ɓawo da ake kira kiriptosporidiyam, wadda kulorin ba ya iya mata. Bayan abin ya lafa, ozon birnin ya ƙara a matatunsa. A 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da shi kai tsaye a kan abinci don rage ƙwayoyin cuta. Kamfanonin ruwan gora da yawa, har a nan Najeriya, da shi suke gama tsaftace ruwa kafin su rufe murfi. Saboda haka wanda ya ce maka ozon na kashe ƙwayoyin cuta bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne tsawon ransa.

A tsaftataccen ruwa mai sanyin digiri 20, rabin ozon ɗin da ke ciki yana ɓacewa cikin kamar minti 20. Idan ruwan ya kai digiri 30, kamar minti 12 ne. Yi lissafi da kanka: rabi, rabin rabi, haka har sau biyar a awa ɗaya. Abin da zai rage kashi ɗaya ne cikin 32. Wannan fa a ruwan ɗakin gwaji ke nan, wanda ba laka ba datti. Ka kawo shi Zariya a watan Afrilu, lokacin da ruwan jarka ke yin ɗumi kamar an ɗora a wuta, ka ga abin da zai faru. Kafin ka gama kallon bidiyo biyu ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Shi ya sa ba a ɗura ruwan ozon a roba a kai kasuwa a matsayin maganin ƙwayoyin cuta. In ka ga mai sayar da irin wannan, ruwa zalla yake sayar maka.

Daga kura zuwa moɗa

Yanzu mu dawo Tudun Wada, mu bi ruwan da ake sha a yawancin gidaje. Gaskiya ne an gina babbar matata a Shika mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, an kuma yi madatsar Galma domin ta ciyar da ita. Amma kowa ya san gidaje da yawa, daga Agoro zuwa Tudun Jukun da Gyallesu, har yanzu rijiya da burtsatse da 'yan garuwa ne madogararsu, ko dai kullum ko kuma duk ranar da famfo ya yi shiru.

Ruwan ya fito daga burtsatse, a ce ma mai kyau ne. Ya shiga jarkar da ta yi wata da watanni ba a wanke cikinta ba, wata har ta yi kore. An toshe bakin da leda. Kura ta bi ta gefen kwata ta iso ƙofar gida. An juye a randa ko babbar roba. Daga nan zuwa gobe ko jibi, hannu nawa zai shiga? Yaro ya dawo daga makarantar allo ya ɗauki moɗa ya ɗiba ya sha ya mayar. Wata ta gama wanke wa jariri ta zo ɗiban na alwala. Moɗar ta faɗi ƙasa an ɗauka an kaɗe.

Masu binciken lafiyar ruwa sun daɗe da gano cewa a irin wannan rayuwa, sau da yawa ruwa ya fi ƙazanta a cikin gida fiye da a inda aka ɗebo shi. Ma'ana, ba kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya kawai ake bukata ba. Ana bukatar mai gadi da zai kwana a cikin randar. To ozon ɗan kwangila ne: ya zo, ya yi aikin minti kaɗan, ya kama gabansa. Ko da na'urarka ta yi aiki ɗari bisa ɗari da ƙarfe bakwai na safe, hannun da ya shiga randa da ƙarfe tara ba zai tarar da kowa ba.

Kulorin kuwa, duk da ɗan warinsa da mutane ke ƙorafi a kai, zama yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a lokacin da ruwan ya isa ga mai sha. Wannan ɗan ragowar shi ne mai gadin. Milwaukee ɗin ma da muka ambata, bayan ozon ya gama nasa, sai sun ƙara kulorin kafin ruwa ya shiga bututu. Kamfanin ruwan gora kuma abin da ya cece shi murfi ne: ya zuba ozon ya rufe nan take, babu hannun da zai sake shiga. Randarku ba ta da wannan gata.

Kada a ɗauki wannan wasa. A 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mutum sama da 110,000 ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Ga taifot da ba ya jiran damina. Gidan da ya ajiye tafasa ruwa ko zuba kulorin saboda an sayi na'ura mai fitila shuɗiya, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Kumfar nan fa?

Kumfar da ke tasowa a kan nama ita ce ta fi sayar da na'urar, kuma ita ce ta fi komai rashin ma'ana. Nama yana da furotin da kitse da ragowar jini. Duk ruwan da ke da waɗannan, in ka hura masa iska na minti goma, zai yi kumfa, ko da ozon ko babu. Ɗan injin da ake sa wa kifi a tanki ma zai yi maka ita. Uwarka ta san wannan kumfar tun kafin a haife ka, ita take kwashewa a saman tukunya idan ta ɗora nama. Haka wasan ɗiga tawada ko jan kala a ruwa a nuna ya washe. Wannan ya nuna akwai ɗan ozon, shi ke nan. Bai nuna an kashe ƙwayar taifot ko guda ba. Ita kuma maganar da suke yawan maimaitawa, wai ya fi kulorin sauri sau 3,000, ko an yarda da ita, magana ce ta kwalbar gwaji mai tsaftataccen ruwa, ba ta bahon wanke-wanke ba.

Ainihin tambayar ita ce: ozon nawa ya narke a cikin ruwan? A jikin kwali za ka ga an rubuta wani abu kamar miligiram 400 a awa. Wannan adadin iskar da injin ke fitarwa ne, in ma ya kai. Ba shi ne abin da ya shiga ruwa ba. Manyan kumfa da ke fitowa daga ɗan dutsen nan suna tashi sama cikin daƙiƙa ɗaya su fashe, mafi yawan ozon ya bi iskar ɗaki. Tsohon ma'aunin da Faransa ta kafa wa matatunta shi ne a samu miligiram 0.4 a lita ya zauna na minti 4, a ruwan da aka riga aka tace. Suna da na'urar awo da ke tabbatar musu. Kai a kicin da me za ka auna? Idan mai sayarwa bai iya gaya maka miligiram nawa a lita na'urarsa ke kaiwa ba, da yadda aka auna, to shi ma tallar ya haddace.

Yanayinmu ma bai taimaka ba. Manyan masana'antu busasshiyar iska ko oksijin zalla suke ba injinsu. Ƙaramar na'ura kuwa iskar ɗaki take zuƙa. Da damina iskar na da laima, ozon ɗin da ke fita ya ragu. Da hunturu ƙura ta cika mata ciki. Da bazara zafi ya rage yawan wanda ke narkewa. Sannan duk laka ko dattin da ke cikin ruwa shi zai fara cinye ozon ɗin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, wato ruwan rijiyar da ya gurɓace bayan an yi ruwan sama, wanda ya fi kowane bukatar magani, shi ne na'urar ta fi kasawa a kansa. Ban ma yi maganar wuta ba. Ranar da NEPA ta ɗauke kwana biyu, ƙwayoyin cuta ba hutu suke tafiya ba.

A kan latas da kabeji da karas, irin waɗanda ake nomawa a fadamun Galma da gefen Kubanni, ruwan ozon mai ƙarfin kirki yana rage ƙwayoyin cuta, wannan haka yake. Ragewa fa, ba sharewa ba, kuma wankewa sosai da ruwa mai tsafta ma tana rage kaso mai yawa. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin kai. Maganin ƙwari da ya riga ya shiga cikin tsiro, ruwan da ke waje ba ya kai masa. Gubar dalma kuwa babu abin da ozon zai yi mata.

Goge tebur da ƙasa da banɗaki nan ne ma ya fi rauni. Da ka fesa ruwan, ya zama siririn danshi a fili, iskar ta tsere. In wurin da maiƙo ko datti, ɗan abin da ya rage ya ƙare a kansu. Masana'antun abinci da ke wanke kayan aiki da shi, kwarara shi suke yi ba tsayawa daga injin da ke gefe, bayan sun riga sun wanke da sabulu. Fesa biyu daga robar caji ba ɗaya ba ne da wannan. Kuma ko ka ga lambar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, a jikin kwali, lambar rajistar masana'antar da ta ƙera ce. Ba shaida ba ce cewa hukumar ta gwada na'urar ta ga tana aiki.

Abin da bai shiga ruwa ba, ina ya tafi?

Hancinka da huhunka. Ozon yana da amfani can sama, inda yake tare mana zafin hasken rana mai ƙona fata. A ƙasa kuwa gurɓatacciyar iska ce. Yana kawo tari, kaikayin maƙogwaro, ƙuncin ƙirji, yana kuma tayar da asma. A Amurka iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa 8 ita ce kashi 0.1 cikin miliyan, kuma jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'urar tsaftace iskar ɗaki da ke fitar da fiye da 0.05. Hanci yana jin warinsa da wuri, amma bayan ɗan lokaci sai ya saba, ka ɗauka ya tafi alhali yana nan.

Ka duba ɗakunanmu na haya: ɗaki ɗaya, taga ɗaya, a nan ake girki a nan ake kwana, ga hayaƙin janareton maƙwabci, ga maganin sauro na kunnawa, ga jariri a katifa. Ko ɗakin ɗalibai mutum shida. A irin wannan wuri, kunna na'urar ozon na rabin awa ƙarin kaya ne a kan huhun da dama a gajiye yake. Idan kuma ya haɗu da ƙamshin lemo ko na fayin da ke cikin wasu turarukan fesawa da magungunan goge ƙasa, yana haifar da wasu sinadarai masu cutarwa, ciki har da irin wanda ake adana gawa da shi.

Maganar sha don magani kuwa, dokar FDA ta fito ƙarara ta kira ozon iska mai guba da ba a san tana da wani amfani wajen warkar da cuta ba. A watan Afrilun 2020 sai da wata kotun tarayya ta dakatar da wata cibiya a Dallas da ke tallata shi a matsayin maganin korona. Mai olsa ko taifot da aka ce wa ya ajiye magani ya sha ruwan ozon, lokaci kawai ake ɓata masa.

Akwai wani abu kuma da ko manya yana ba su ciwon kai. Idan ruwa na da gishirin buromaid, ozon yana mayar da shi buromet, ɗan'uwan sinadarin nan da NAFDAC ta yaƙa a burodi zamanin Dora Akunyili. Iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 ne a lita. A 2004 kamfanin Coca-Cola ya janye kusan gora 500,000 na ruwan Dasani daga kasuwar Birtaniya saboda ya haura iyaka. Kamfani mai ɗakunan gwaji ke nan.

To me za a ce wa Hajiya idan ta miƙo waya?

In an riga an saya, ba sai an jefar ba. A kunna ta a tsakar gida ko bakin taga, nesa da yara da masu asma, a yi amfani da ruwan nan take, a ɗauke ta a matsayin ƙari a kan wanke ganye, ko don kore warin kifi a kwano. Kada dai a ba ta amanar randa ko banɗaki.

Ruwan sha, tsohuwar hanya tana nan. In ya yi duhu a sa alif ya kwanta, a tace da tsaftataccen ƙyalle. Sannan ko dai a tafasa ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, ko a zuba WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Tafasasshen ruwa ma ba shi da mai gadi, don haka jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo ya fi randar da ake tsoma moɗa. A riƙa wanke jarkunan, kuma ba laifi ba ne ka leƙa cikin ta mai garuwa kafin ya juye.

Goge-goge kuwa, sabulu da ruwa ne farko, domin kulorin ma datti na cinye shi. Bayan nan sai bilic. Duba jikin robar: in an rubuta 3.5 cikin ɗari, kamar yadda aka saba gani, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya na ruwa zai ba ka kusan 0.1 cikin ɗari, ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a goge tebur da hannun ƙofa da shi, a bar shi aƙalla minti ɗaya kafin a share. Inda jini ko amai ya zuba, sai a ƙara ƙarfi zuwa 0.5, wato gwangwani ɗaya na bilic, gwangwani shida na ruwa. A haɗa na rana ɗaya kawai, a ajiye robar inda rana ba ta dukanta, inda kuma yaro ba zai kai hannu ba.

Tunda TikTok ɗin ne dai ya kawo mu nan, akwai wasu bidiyoyin wanke banɗaki da ake zuba kala-kalar magunguna a masai lokaci guda don ya yi kyau a kyamara. Kada ka haɗa Hypo ko JIK da Harpic, ko da ruwan tsami, ko da wani abin wanki mai asid. Iskar kulorin ce ke tashi, kuma a banɗaki mai ƙofa a rufe, shaƙa biyu zuwa uku sun isa su sa numfashi ya sarƙe. In an riga an haɗa, a fita, a bar ƙofa a buɗe, kada a tsaya ƙoƙarin gyarawa, wanda kuma tari ko ƙuncin ƙirji bai sake shi ba a kai shi asibiti.